Spinosaurus: Yadda Ake Tayar da Dabba Guda Daga Guntayen Ƙashi

Duk wanda ya taɓa neman hoton Spinosaurus a waya zai lura cewa hotunan ba sa kama da juna. A wani za ka gan shi tsaye ƙiƙam a kan dogayen ƙafafu biyu, jela tana jan ƙasa. A wani kuma ya durƙusa da ƙafa huɗu, ciki na neman taɓa ƙasa. A na baya-bayan nan yana cikin ruwa tsundum, yana kaɗa wata faffaɗar jela, ya wage dogon baki irin na kada yana bin kifi. Yaranmu na Agege da Idi-Araba sukan yi ta musu a kan wanne ne na gaskiya, manya kuma su kashe maganar da cewa ai duk zanen Turawa ne. Kowa a cikinsu yana da ɗan rabonsa na gaskiya. Ƙasusuwan suna nan, an tono su, ana iya taɓa su da hannu. Sai dai har yau ba a taɓa samun cikakken ƙwarangwal ɗin wannan dabba ba, ko da guda ɗaya. Kowane hoto da ka gani gamin gambiza ne na abu uku: ƙashin da aka samu, ƙashin da aka aro daga danginsa, da kuma hasashe. A mahaɗar waɗannan ukun gizo ke saƙa, kuma a nan masana suka shafe shekaru suna kai ruwa rana.

Spinosaurus dainoso ne mai cin nama, wato ɗaya daga cikin manyan dabbobin zamanin da waɗanda suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, wanda bisa ƙiyasin masana ya rayu a arewacin Afirka shekaru miliyan 95 zuwa 100 da suka shuɗe. A wancan zamani inda Sahara take yau manyan koguna ne da fadamu da bakin teku, cike da kifaye waɗanda wasunsu sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Akwai Onchopristis mai dogon hanci kamar zarto, akwai Mawsonia mai kaurin jiki. Abinci dai ba shi ne matsalarsa ba.

Labarin ya faro ne a 1912, lokacin da wani mai tonon ƙasusuwa, Richard Markgraf, ya haƙo wasu a dausayin Bahariya da ke hamadar yammacin Masar, ya aika wa Bajamushen masanin da yake yi wa aiki, Ernst Stromer. A 1915 Stromer ya wallafa bayaninsu, ya raɗa wa dabbar suna. Abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba: gaban muƙamuƙin ƙasa, haƙora, 'yan haƙarƙari, da wasu gaɓoɓin ƙashin baya. Amma a kan gaɓoɓin nan akwai wasu dogayen ƙasusuwa da suka miƙe sama, mafi tsawonsu mita 1.65, wato kusan tsayin mutum. Babu ƙafa, babu hannu, babu ƙoƙon kai. Da ya zo zana siffar dabbar gaba ɗaya a 1936, sai ya cike guraben da jikin dainosoci masu cin nama waɗanda aka sani a lokacin. Ba ha'inci ya yi ba, abin da ilimin zamaninsa ya ba shi ke nan. Wannan zane shi ne kakan duk hotunan da ke nuna Spinosaurus a tsaye da gajeren kai.

Ƙasusuwan suna ajiye a gidan tarihin birnin Miyunik. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, Stromer ya nemi a kwashe su a ɓoye a wani wuri, shugaban gidan, wanda ɗan jam'iyyar Nazi ne, ya ƙi. A daren 24 ga Afrilun 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ƙasusuwan suka zama toka. Abin da ya tsira shi ne rubutun Stromer da zane-zanensa, sai wasu hotuna da iyalinsa suka miƙa wa gidan tarihin shekaru da dama bayan rasuwarsa. Allah ya sa mutumin mai tsantseni ne wajen awo da zane. Ba don haka ba, da yau babu abin da za a gwada sabon ƙashi da shi a ce wannan Spinosaurus ne.

Shekaru kusan arba'in aka yi ana kwafar tsohon zanen daga littafi zuwa littafi. Abin da ya sauya lissafi daga Ingila ya ɓullo. A watan Janairun 1983 wani mai gyaran famfo, William Walker, wanda neman burbushin halittu sha'awa ce kawai a wurinsa, ya tsinci wani ƙaton farce a ramin da ake haƙar yumɓu a gundumar Surrey. Tsawon farcen ta bayansa ya kai santimita 31. Ma'aikatan gidan tarihin halittu na Landan suka je suka tono fiye da rabin ƙwarangwal ɗin, kuma a 1986 Alan Charig da Angela Milner suka sa masa suna Baryonyx. Kansa ya ba kowa mamaki: dogon baki siriri, ƙarshensa ya ɗan buɗe kamar cokali, haƙora masu tsini, ƙofar hanci ta ja baya daga ƙarshen bakin. A wurin da cikinsa yake aka tarar da ɓawon jikin kifi wanda ruwan ciki ya fara cinyewa. Wannan ba hasashe ba ne, abincin da ya ci ne ya rage a cikinsa. Amma tare da ɓawon kifin akwai ƙasusuwan wani ƙaramin dainoso mai cin ganye. Mutane sukan manta da wannan rabin labarin. Dangin nan kifi ne babban abincinsu, amma ba su yi rantsuwar ƙin nama ba.

Da aka koma aka sake duban zanen muƙamuƙin da Stromer ya bari, sai aka ga ashe danginsu ɗaya. Daga nan Spinosaurus ya samu sabon kai, na aro.

Aro mafi girma kuwa daga maƙwabtanmu aka yi shi. A 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya tono ƙwarangwal ɗin wani ɗan dangin Spinosaurus a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas ta Nijar, aka sa masa suna Suchomimus a 1998. Tsawonsa ya kai wajen mita 11, ya girmi Spinosaurus da shekaru miliyoyi, kuma an samu kaso mai yawa na jikinsa: kai, hannaye masu ƙarfi da babban farce, ƙugu, ƙafafu. Wurin ba baƙo ba ne ga masana, domin tun shekarun 1960 Bafaranshe Philippe Taquet yake tono a can, kuma daga nan aka samu Ouranosaurus, wani dainoso mai cin ganye, da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Abin takaici ne a ce Bahaushen da ke hawa mota daga Legas zuwa Agadas fatauci ya san farashin komai a hanya, amma da wuya a taɓa gaya masa cewa yankin da ya nufa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Mu ma a gida ba a bar mu a baya ba. Akwai wata dabbar teku ta zamanin da, wadda ba dainoso ba ce, da aka tono a ƙasar Sakkwato, sunanta na kimiyya Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo.

Ka'idar aro mai sauƙi ce a baki. Idan dabba biyu dangin juna ne na kusa, kuma an san hannun ɗaya ba a san na ɗayar ba, mafi kusa da hankali shi ne a ɗauka hannayensu sun yi kama, har sai an samu hujjar da ta ce a'a. Da wannan ka'ida aka ba Spinosaurus dogayen ƙafafun Suchomimus, aka ba shi hannayensa, aka ba shi jela mai sirancewa irin ta kowane dainoso mai cin nama. Matsalar ita ce ka'idar tana goge duk abin da ya bambanta dabbar da danginta. Duk inda Spinosaurus ya fita daban, zanen aro zai ɓoye wurin, kuma babu yadda za a yi a gane sai ranar da ƙashin gaske ya fito daga ƙasa.

Ga kuma maganar girma, wadda ita ce yara suka fi so. A 2005 Cristiano Dal Sasso da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka bayyana wani guntun baki da aka samo daga Maroko, tsawonsa ya kusa mita ɗaya. Guntun baki ne kawai, ba kai ba. Suka gwada shi da kawunan danginsa, suka ce cikakken kan zai kai mita 1.75. Daga kan suka lissafa jiki, suka ce mita 16 zuwa 18. Ka lura da matakan: an auna abu ɗaya da hannu, an hasaso na biyu daga na farko, an hasaso na uku daga na biyu. Ƙaramin kuskure a matakin farko yana haihuwa a kowane mataki. Wajen nauyi kuwa abin ya fi muni, domin nauyi yana bin tsawo da faɗi da kauri ne a lokaci guda. Idan ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tsawon dabba, nauyinta zai ƙaru da kusan kashi 33 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga wani ya ce tan 7, wani ya ce ya haura tan 12, alhali ƙasusuwa ɗaya suke kallo. Lissafin baya-bayan nan ya fi karkata ga mita 14 zuwa 15, wanda duk da haka ya sa shi cikin mafiya tsawo a dainosoci masu cin nama, har ya zarce Tyrannosaurus da ake ta yayatawa.

Kafin mu shiga babbar rigimar, bari mu ɗan ratse zuwa hayin teku. Wanda ya tsaya a gaɓar ruwan Legas yana kallon Atlantika, da wuya ya kawo a ransa cewa gaɓar nan ta taɓa kasancewa manne da arewa maso gabashin Burazil. A zamanin waɗannan dabbobi ne tekun yake kan buɗewa, kuma kwarin Binuwai ragowar ɗaya daga cikin tsagogin da suka raba nahiyoyin biyu ne, tsagar da ta fara ba ta ƙarasa ba. Don haka ne ake samun kifin Mawsonia da kadan Sarcosuchus a Nijar, a kuma same su a Burazil. Dangin Spinosaurus ma haka. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka bayyana a 2011, an sa masa suna Oxalaia, daga Oxalá, abin bautar da bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarabawa suka ƙetara da shi. Guntayen baki biyu ne kacal aka san shi da su, kuma suna ajiye ne a gidan tarihin ƙasa na birnin Riyo lokacin da gobara ta cinye ginin a watan Satumban 2018.

Ɗayan kuma, Irritator, shi ne ya fi nuna illar da kasuwanci ke yi wa wannan ilimi. Ƙoƙon kai ne da dillalai suka sayar wa wani gidan tarihi a birnin Stuttgart na Jamus. Da masana suka fara nazarinsa sai abubuwa suka ƙi daidaita. Da aka saka shi a na'urar ɗaukar hoton ciki, sai aka gano an ƙara masa tsawon baki da filasta da guntayen ƙashi, don ya fi kyau ya fi tsada. Sai da aka ɓata lokaci ana kankare ƙarin kafin a ga ainihin siffarsa, aka bayyana shi a 1996. Masanan Burazil kuma sun daɗe suna kiran a mayar musu da shi gida.

Wannan matsala ta kasuwa ita ce tushen rigimar da ta biyo baya. A yankin Kem Kem na kudu maso gabashin Maroko, tonon burbushin halittu sana'a ce da talakawa ke ci da iyali da ita. Mutum zai haƙa rami a jikin tsauni, ya fito da haƙori ko ƙashi, ya sayar wa dillali a garin Erfoud, dillali ya tura Turai. Babu wanda ya rubuta a wane zurfi aka samu ƙashin, ko me ke kwance kusa da shi. Ga masani kuwa wannan bayani kusan ya fi ƙashin daraja, domin da shi ne kaɗai zai san ko ƙasusuwa biyu na dabba ɗaya ne.

A 2008 wani matashin masani, Nizar Ibrahim, ruwa biyu ne Bajamushe da Bamaroke, ya sayi 'yan ƙasusuwa a cikin kwali daga hannun wani mai tono a Erfoud. Daga baya ya ziyarci Milan, aka nuna masa wani ɓangaren ƙwarangwal da ya zo ta hannun dillali, ya lura dutsen da ke manne da ƙasusuwan launinsa ɗaya da na cikin kwalinsa. Ya koma neman mutumin, bai san sunansa ba, abin da ya riƙe kawai shi ne yana da gashin baki. Sai a 2013 Allah ya haɗa su, mutumin ya kai shi ramin, suka tono ƙarin guntaye da suka dace da na Milan. An mayar da ƙwarangwal ɗin Maroko, yana jami'a a Kasabalanka.

A 2014 Ibrahim da Sereno da Dal Sasso da sauransu suka fitar da sabuwar siffa a mujallar Science, duniya ta ɗauka. Sabon ƙwarangwal ɗin yana da ƙafafun baya, kuma gajeru ne ƙwarai. Ƙashin cinyarsa santimita 61 ne kacal, ƙugun ƙarami, faratan ƙafa shimfiɗaɗɗu, kuma cikin ƙashin ƙafar a toshe yake, babu faffaɗan ramin ɓargo irin na sauran dainosoci masu cin nama. Suka ce dabbar ruwa ce, idan ta fito tudu ma sai ta dafa da hannu.

To amma ya aka yi suka samu cikakkiyar siffa? A kwamfuta suka haɗa ta. Sun ɗauki sabon ƙwarangwal ɗin, wanda bai gama girma ba, suka haɗa da zanen Stromer, suka ƙara da bakin Milan da wasu warwatsattun ƙasusuwa daga gidajen tarihi daban-daban, kowanne aka faɗaɗa shi ko aka rage shi har ya zo daidai da saura, sannan aka cike ragowar da na dangi. Don a yi musu adalci, ba su ɓoye komai ba. A zanen da suka wallafa kowane ƙashi da launinsa: na sabon ƙwarangwal launi daban, na Stromer daban, tsintattu daban, na aro daban, na hasashe daban. Idan ka kalli zanen sai ka ga dabbar ta yi dabbare-dabbare. Launukan nan su ne gaskiyar lamarin. Amma da zarar mai zane ya lulluɓe ƙwarangwal da nama da fata ya sa masa ido mai ƙyalli, sai launukan su ɓace, mai kallo a waya ya ɗauka haka aka tono shi.

Na taɓa nuna wa wani dattijon mahauci a abbatuwar Oko-Oba hoton ƙwarangwal ɗin, mutumin da ya tsufa a cikin fawa, wanda in ka miƙa masa ƙashi zai gaya maka na sa ne ko na saniya, ya kuma kintaci shekarunta. Ya karɓi wayar da bayan hannu saboda jini, ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wa ya haɗa wannan?"

Na ce, "Baba, masana ne."

Ya ce, "To ka tambaye su ko a wuri ɗaya suka tsinci ƙafafun nan da gadon bayan. In ka zuba min ƙashin shanu uku a buhu ɗaya, zan haɗa maka saniya, ta tsaya da ƙafafunta ma. Amma ba saniyar da Allah ya halitta ba ce."

Tambayar da wasu masana suka yi ke nan tun a makon da aka fitar da binciken. Scott Hartman, wanda ya ƙware wajen zana ƙwarangwal, ya yi shakkar ko an daidaita girman ƙafafun da na jiki yadda ya kamata. Wasu suka ce wa ya tabbatar ƙwarangwal ɗin da ya bi ta hannun dillalai na dabba ɗaya ne? A 2015 Serjoscha Evers da abokansa suka ƙara dagula lissafi, suka ce a Kem Kem ba irin wannan dabba ɗaya ba ce, akwai ta biyu, Sigilmassasaurus, wadda aka sa wa suna tun 1996 daga ƙasusuwan wuya. In haka ne, to wasu daga cikin tsintattun ƙasusuwan da aka liƙa wa Spinosaurus na maƙwabcinsa ne. Har yau ba a rufe wannan babi ba.

Ayarin Ibrahim ya ba da amsa ta hanyar da ta fi kowace ƙarfi, wato komawa ramin. Suka ci gaba da fasa dutse a wurin, suka yi ta samun ƙarin guntaye, babu ƙashin da ya maimaitu, wasu ma suka haɗe da karyayyun da aka samu tun farko. Wannan ya ƙarfafa cewa dabba ɗaya ce, kuma yawancin masana yanzu sun yarda ƙafafun gajeru ne da gaske. A 2018 suka ci karo da abin da babu wanda ya zata, wato mafi yawan jelar. Da aka wallafa ta a mujallar Nature a 2020, sai ga gaɓoɓin jela ɗauke da dogayen ƙasusuwa sirara a sama da ƙasa, jelar ta zama faffaɗa daga sama zuwa ƙasa kamar matuƙin kwalekwale. Jelar aro da aka yi fiye da shekara tamanin ana zanawa ta faɗi warwas rana ɗaya, har da wadda su da kansu suka zana a 2014. A Jami'ar Harvard aka yanka siffar jelar a roba, aka kaɗa ta cikin tankin ruwa da na'ura, aka gwada da ta wasu dainosoci biyu na tudu. Ta ninka su wajen sau takwas a ƙarfin tura ruwa, ko da yake ba ta kamo ta kada ba.

A nan ne ra'ayi ya rabu gida biyu, kuma abin sha'awa, waɗanda suka yi aikin 2014 tare sun koma ɓangarori daban-daban.

Ɓangaren farko na cewa mai ninƙaya ne, yana nutsewa ya bi kifi a ƙarƙashin ruwa. Babbar hujjarsu bayan jela ita ce nauyin ƙashi. Dabbobin da ke nutso, irin su dorina da ayu, ƙasusuwansu a cushe suke, suna yi musu aikin nauyin da ke danne jiki ƙasa. A 2022 Matteo Fabbri da abokansa suka gwada cikin ƙashin cinya da haƙarƙarin ɗaruruwan dabbobi, na da da na yanzu, suka ce Spinosaurus da Baryonyx sun faɗa cikin masu nutso, Suchomimus na Nijar kuwa ƙashinsa ya fi rami, mai tsayawa a bakin ruwa ne.

Ɓangare na biyu na cewa a'a, zalɓe ne ƙato. Yana shiga ruwa iya cinya ko iya ƙirji, ya tsaya, ya sunkuyar da dogon wuya ya cafke kifi, kamar yadda ake ganin zalɓe yana yi a bakin lagon Legas. Tun 2018 Donald Henderson na Kanada ya gina siffar dabbar a kwamfuta ya jefa ta ruwa, ya ga tana yawo a sama ba ta nutsewa, kuma tana kifewa gefe. David Hone da Thomas Holtz suka bi da nasu nazarin a 2021, suka nuna cewa idanu da hancin kada a saman kai suke don ya ɓuya a ruwa yana leƙe, na Spinosaurus kuwa ba haka suke ba. Sai Sereno da kansa ya fito a 2022 da sabuwar siffa da ya gina daga hoton cikin ƙasusuwa, mai tsawon mita 14 da nauyin tan 7.4. Ya ce dabbar da ƙafa biyu take tafiya, ya janye maganar dafawa da hannu. Ya ce gaɓoɓin bayanta suna da guraben iska irin na tsuntsaye, ga huhu, don haka ko ta so nutsewa ruwa zai turo ta sama, kuma wancan dogon abu na gadon baya zai riƙa jan ruwa yana rage mata gudu. Jelar kuwa, a ganinsa, ta ado ce da nuna isa, kamar yadda wasu ƙadangaru ke da ita. Ya ƙara da cewa an samu ƙasusuwanta a Nijar, a wuraren da a wancan zamani koguna ne masu nisa da teku. A 2024 Nathan Myhrvold da shi Sereno da wasu suka soki lissafin nauyin ƙashin, suka ce manyan dabbobin tudu ma sukan yi cusasshen ƙashi saboda nauyin da suke ɗauka.

Ka lura da wani abu. Kowace gwajin kwamfuta a cikin waɗannan, ta masu nutso da ta masu zalɓe, a kan jikin da aka haɗa take tsaye. Faɗin ƙirji nawa ne? Huhu ya kai ina? Nama nawa ke kan jela? Ka ɗan faɗaɗa haƙarƙari, dabbar ta daina kifewa. Ka ɗan rage iska, ta fara nutsewa. Kwamfuta ba ta ƙarya, amma abin da aka zuba mata shi take niƙawa.

Ni dai hujjar zalɓe ta fi kwanta min, musamman maganar iska a jiki da mazaunin ido da hanci, domin waɗannan ba su dogara sosai da yadda aka jera ƙasusuwa ba. Amma ban yarda a ce jelar ado ce kawai ba. Dabbar da ke rayuwa a bakin manyan koguna, mai gajerun ƙafafu da shimfiɗaɗɗun farata, dole wata rana ta ƙetare ruwa, kuma jela irin wannan ba za ta rasa amfani ba. Abu ɗaya yana iya yin aiki biyu. Abin da kusan babu mai musu a kansa shi ne cin kifi da zama kusa da ruwa. Sinadaran da ke cikin haƙoransu sun nuna haka, a binciken Romain Amiot na 2010 da wani da aka yi a 2018 kan haƙoran Nijar da Maroko. Haƙoran Spinosaurus ma ba su da zarto irin na masu yanka nama, masu santsi ne da tsini, na riƙe abin da ke zillewa.

Shi kansa abin gadon bayan, wanda da shi aka san dabbar, siffarsa ba tabbatacciya ba ce. A 1997 Jack Bailey ya ce wataƙila tozo ne na kitse da tsoka, yawancin masana kuma suna ganin fata ce ta lulluɓe ƙasusuwan. Ko zagayayye ne ko mai lotsawa a tsakiya, wannan ya danganta da wace gaɓa aka sa a gaba, wace a baya, ga shi kuwa na Stromer ba a jere aka same su ba, kuma yanzu babu su balle a sake gwadawa.

Hannaye ne babban gurbin da ya rage. Abin da aka samu na hannun Spinosaurus bai wuce 'yan gaɓoɓin yatsu da wasu tsintattun ƙasusuwa da ake taƙaddama a kansu ba. Waɗancan murɗaɗɗun damatsa da ƙaton farce da kake gani a kowane hoto, na Suchomimus ne da Baryonyx aka faɗaɗa. Da kafaɗa da damtse za a iya gane ko hannun yana iya ɗaukar nauyin jiki a tudu, ko yana iya tuƙa ruwa, ko kuwa na cafkar kifi ne kawai. Ƙafafun aro sun faɗi a 2014, jelar aro ta faɗi a 2020, kuma har yanzu ana tono a Kem Kem da hamadar Agadas.